Likitan da ya bar ɗakin duba majinyata ya koma bincike da kujerar jami'a: riba muka ci ko asara?

Baban_Hauwa
Assalamu alaikum 'yan wannan zaure. Wata magana ce ta tsaya min a rai, na ce bari in kawo ta nan tunda akwai likitoci da malaman jami'a a cikinmu. 'Yata ta gama karatun likita, ta yi shekararta ta sanin makamar aiki, yanzu tana hidimar ƙasa. Mu a gida tun tana aji uku muka gama lissafi cewa fannin mata da haihuwa za ta bi, domin a ƙaramar hukumarmu kaf babu likita mace da matanmu za su je wurinta. Da ta zo hutun sallah sai ta zaunar da ni ta ce ita fannin lafiyar al'umma take so: bincike, bin sawun annoba, koyarwa a jami'a. Ta kawo min misali da marigayi Farfesa Umaru Shehu na Borno, ta ce shi ma hanyar da ya bi ke nan har ya shugabanci jami'a. Mahaifiyarta ta ce wannan ai barin aikin likita ne, an sha wahalar shekara bakwai a banza. Ni ban ce e ba, ban ce a'a ba. Tambayata ita ce: likitan da ya ajiye abin awon ƙirji ya koma takardu da ofis, al'umma riba ta ci da shi ko asara ta yi? Don Allah wanda ya san abin ya fahimtar da ni. Ba na son in tauye yarinya a kan rashin sani, ba na kuma son in sa albarka a kan abin da ban gane ba.

Gaskiya_Ɗaya
Wa'alaikumus salam Baba. Ni dai ina bayan Hajiya. Ka je babban asibitin kowace jiha da asuba ka ga layi har bakin ƙofa, likita ɗaya yana fama. Waɗanda suka iya sun tafi Saudiyya da Ingila. A irin wannan hali kuma a ce ɗan abin da ya rage mana ya koma otal yana taron bita? Da kuɗin talakawa aka koyar da su, kuma talaka wanda zai taɓa jikinsa yake nema.

Likitan_Karkara
Baba, Allah ya ƙara girma. Bari in fara gyara wata fahimta. Fannin lafiyar al'umma ba barin likitanci ba ne. Ƙwarewa ce da ake yi wa horo na shekaru a asibitin koyarwa, da jarrabawar kwalejin manyan likitoci kashi na ɗaya da na biyu, kamar dai yadda mai tiyata ko likitan yara yake yi. A lokacin horon ana tura su ƙauye su zauna, suna duba marasa lafiya. Na Zariya suna da cibiyarsu a Yakawada, na Kano suna da ta Kumbotso. Ba mutanen da ba su san warin ɗakin jinya ba ne.

Ni likitan jinya ne, ba na fanninsu ba, amma ga abin da na gani da idona. Wata damina amai da gudawa ya ɓarke a garin da nake aiki. Kwana huɗu ban kwanta a gado ba, ruwan ƙari ya ƙare, muka shimfiɗa tabarmi a baranda. Duk wanda muka sallama, biyu sun maye gurbinsa. Sai aka turo wata 'yar'uwarmu daga sashen lafiyar al'umma. Ba ta sa wa kowa ruwa ba. Littafin rajista ta ɗauka, ta rubuta unguwar kowane majinyaci da ranar da ciwon ya fara, ta shiga gari da mai unguwa gida gida tana tambayar inda ake ɗebo ruwa. Kafin magariba ta gano yawancinsu rijiya ɗaya suke sha, wadda ambaliya ta haɗa da masai. Aka rufe rijiyar, aka zuba maganin tsabtace ruwa a sauran. Cikin mako ɗakin ya fara yin fili. Ni na ceci waɗanda suka iso gare ni, ita ta hana saura zuwa. Waɗanda ta ceta ba su san ta ba, ba su ma san an cece su ba, shi ya sa babu mai kai mata zabi da ƙwai a gida.

Ummu_Khalil
Allahu akbar. Wannan labarin rijiyar kaɗai ya ishe ni amsa.

Gaskiya_Ɗaya
@Likitan_Karkara na ji, kuma ban musa ba. Amma ita wannan ta shiga gari. Ni da masu kujera nake. Me ya haɗa likita da shugabancin jami'a, wurin da aikinsa shi ne rigimar albashi da kwangilar katanga da yajin aiki?

Ɗan_Yerwa
Tunda an ambaci Baba Umaru Shehu, bari mu na gida mu ce wani abu. An haife shi a Maiduguri a 1930, ya rasu ranar 2 ga Oktoba 2023 yana da shekara 92. Ya yi karatu a Ibadan da Libaful ta Ingila, ya yi aikin likita a gwamnatin Arewa kafin ya koma jami'ar Ahmadu Bello ya riƙe sashen lafiyar al'umma tun sashen yana jariri. Ya shugabanci jami'ar Najeriya ta Nsukka daga 1978 zuwa 1980. Ku duba shekarun da kyau: shekara takwas kacal bayan gama yaƙin basasa, a ɗauki Babarbare a kai shi tsakiyar ƙasar Ibo a ce ya riƙe jami'ar da yaƙin ya ragargaza. Daga nan ya yi shekaru da Hukumar Lafiya ta Duniya, sannan ya dawo gida ya riƙe kwalejin likitanci ta jami'ar Maiduguri, har ya riƙe jami'ar baki ɗaya na ɗan lokaci. Ya kuma shugabanci Kwalejin Masana Kimiyya ta Najeriya.

Abin da nake so Baban_Hauwa ya lura da shi: likitocin da suka fita daga hannun irin waɗannan mutane su ne suka cika asibitocin da Gaskiya_Ɗaya ke magana a kai. Wani ne ya zauna a ofis ya yi faɗan a buɗe tsangaya, a ɗauki malamai, a gina ɗakin gwaji, kafin a samu likitan da zai taɓa jikin talaka.

Abba_Sabon_Gari
Ai shi ne ɗan Arewa na farko da ya shugabanci ABU ko?

Malam_Tanko_Samaru
A'a ɗana, ka haɗa biyu. Farfesa Ishaya Audu ne ɗan ƙasa na farko da ya shugabanci jami'ar Ahmadu Bello, daga 1966 zuwa 1975, kuma shi ma likita ne, likitan yara. A zamaninsa aka buɗe tsangayar likitanci a 1967. Umaru Shehu mataimakin shugaba ya yi a Zariya. Abin da ya faru a 1978, bayan tarzomar ɗalibai ta "Ali Must Go", gwamnatin Obasanjo ta yi musayar shugabannin jami'o'i tsakanin sassan ƙasa. Aka kai Umaru Shehu Nsukka, aka kawo Farfesa Ezeilo daga Nsukka zuwa Bayero ta Kano, aka kawo mana Farfesa Akinkugbe daga Ilorin, wanda shi ma likita ne, masanin hawan jini da ƙoda. Bai daɗe ba, a 1979 Ango Abdullahi ya karɓa. Muna nan Samaru aka yi duk wannan.

Ga kuma Farfesa Jibril Aminu, likitan zuciya, da ya riƙe hukumar jami'o'i ta ƙasa sannan ya shugabanci jami'ar Maiduguri daga 1980 zuwa 1985. A wancan zamanin masu ilimi mai zurfi a Arewa ana ƙirga su da yatsu, dole mutum ɗaya ya ɗauki kaya uku. Ba kwaɗayin kujera ba ne kawai, babu mutane ne.

Abba_Sabon_Gari
Na gode Baba Tanko, na ƙaru.

Gaskiya_Ɗaya
To Malam Tanko ka ba ni makami da hannunka. Wancan zamanin babu mutane. Yanzu farfesoshin tarihi da lissafi da tattalin arziki sun yi yawa, su riƙe jami'a. Likita ne har yau ba mu da shi. Taura biyu ba ta taunuwa.

Hajiya_Ungozoma
Ni ungozoma ce, na yi shekara 35 ina karɓar haihuwa kafin in ajiye aiki, don haka maganar Baban Hauwa ta fi taɓa ni ta wajen matan ƙaramar hukumarsu. Malam, ina jin zafin da Hajiyarka ke ji. Na sha karɓar yarinyar da aka kawo a bayan akori-kura bayan kwana biyu tana naƙuda, ko tana jijjiga, mijin ya tsaya jiran a ce masa mace ce za ta duba ta. Likita mace a irin wannan wuri rahama ce, kada wanda ya rage mata daraja.

Amma akwai abin da na koya da girma. Mafi yawan waɗanda suka mutu a hannunmu, tun a gida aka gama kashe su. Ba awon ciki, ba jini a jiki, ba mota, ba izini. Akwai likitan mata da ya tara wannan a rubuce da lissafi, Farfesa Kelsey Harrison, a Zariya. Shi da abokan aikinsa suka bi haihuwa 22,774 ɗaya bayan ɗaya a shekarun 1970, aka buga sakamakon a 1985. Abin da ya fito fili shi ne matan da ba su taɓa zuwa awo ba, aka kawo su a gaggauce, su ke mutuwa ninkin-ba-ninkin, kuma macen da ta yi makaranta ta fi tsira ita da jaririnta. Mu a ɗakin haihuwa mun san haka a zuci, amma gwamnati ba ta jin "mun sani", lamba take ji. Bayan shekara biyu aka yi taron Nairobi na 1987 kan kare rayukan masu haihuwa. Shi kuma daga baya ya je ya shugabanci jami'ar Fatakwal. Ga likita, ga mai bincike, ga shugaban jami'a a jiki ɗaya, kuma aikin da ya yi a kan matanmu ya yi shi.

Abin da zan ce wa yarinya, in ta zaɓi binciken, to ta binciki abin da ke kashe ƙannenta da yayyenta.

Nas_Binta
Mama kin gama magana. Ina ƙara da cewa har yau takardar mace-macen masu haihuwa a wurare da yawa ba a cika ta yadda ya kamata. Wadda ta rasu a gida ba ta shiga lissafin kowa.

Lakcara_Mai_Alli
Ina koyarwa a wata jami'ar tarayya, ba a fannin likitanci ba. Zan faɗi abin da zai ɗan goyi bayan Gaskiya_Ɗaya. Kujerar shugaban jami'a wa'adi ɗaya ne na shekara biyar, kuma tana cinye mutum. Na ga farfesa mai bincike na gaske, ɗalibai na rububinsa, ya hau kujerar gudanarwa, daga ranar bai sake shiga ɗakin gwaji ba. Ya sauka binciken ya wuce shi, abokan aikinsa na waje sun nemi wasu. A 2022 wata takwas jami'o'i na rufe saboda yajin aikin ASUU. Me shugaba zai gina a haka? Mun rasa mai bincike, ba mu kuma samu abin da muka sa rai daga shugabancin ba.

Amma fa in za a ɗauko likita a ba shi jami'a, na fi yarda da na lafiyar al'umma. Horonsu ya ƙunshi tsara kasafi, lissafin ma'aikata, zama da sarakuna da malamai, auna ko shiri ya yi aiki ko bai yi ba. Sana'arsu ke nan tun farko.

Dr_Sa'adatu_K
Malam Mai Alli, ka taɓo inda ke mana ƙaiƙayi. Yanzu ma ƙofar rufe mana ake son yi. Babban likita ya yi shekara shida a jami'a, ya yi horon ƙwarewa na shekara biyar ko shida, ya rubuta kundin bincike ya kare shi a gaban kwaleji, ya zama farfesa, sannan a buga tallar kujerar shugaban jami'a a ce sai mai digirin digirgir. A 2024 ƙungiyar manyan likitoci ta yi yajin aikin gargaɗi, kuma cikin koke-kokenta akwai irin wannan talla da aka yi a jami'ar Nnamdi Azikiwe ta Awka. Baba, ka gaya wa ƙanwata in har jami'a za ta zauna, ta haɗa biyun: takardar ƙwarewa da digirin digirgir. A fanninta ya fi sauƙin haɗawa fiye da mu da ke kwana a ɗakin tiyata.

Lakcara_Mai_Alli
Likita, da girmamawa, horon ƙwarewa da digirin digirgir ba abu ɗaya suke koyarwa ba. Ɗaya hannu yake gyarawa, ɗaya tambaya. Amma na yarda bai kamata a hana farfesa neman kujera a kan haka ba.

Dr_Sa'adatu_K
Ka zo ka ga kundin kashi na biyu tukuna, sai mu yi wannan muhawarar.

Mai_Kula_da_Zaure
Jama'a a dawo kan tambayar Baban_Hauwa. Maganar digiri a buɗe mata nata zaren.

Sani_Fagge
Ni abin da ke damuna da masu binciken nan shi ne amana. Mu Kanawa ba mu manta 1996 ba. Ana tsakiyar annobar sanƙarau da ta kashe mutum sama da 11,000 a ƙasar nan, kamfanin Pfizer ya zo ya sa yara kimanin 200 cikin gwajin maganin Trovan a asibitin cututtuka masu yaɗuwa. Yara 11 suka rasu cikin waɗanda aka sa a gwajin, wasu suka nakasa. Sai a 2009 aka sasanta da gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75. Wannan ma ai bincike aka kira shi. In ka ce wa tsohuwa a Fagge "bincike", abin da take tunawa ke nan.

Likitan_Karkara
Malam Sani, gaskiya ka faɗa, kuma ba za a share ta ba. Amma ka tuna wanda ya ɗaga murya a lokacin. Farfesa Idris Mohammed ne, ɗan Gombe, likita kuma malamin jami'a, wanda ke jagorantar ayarin gwamnatin tarayya kan annobar, shi ya ƙalubalanci gwajin. Da ba mu da namu da ya san ƙa'idar bincike, ya san dole a nemi yardar iyaye da izinin kwamitin ɗa'a, wa zai gane an yi ba daidai ba? Ni abin da na ɗauka daga 1996 shi ne muna buƙatar namu masu binciken da yawa, masu jin Hausa, waɗanda za su iya cewa a dakata.

Ɗan_Yerwa
Kuma abin da ya biyo baya ya nuna haka. A 2003 da aka dakatar da riga-kafin shan inna a Kano da wasu jihohi bisa zargin an sa masa maganin hana haihuwa, cikin waɗanda gwamnatin tarayya ta nema su duba maganin akwai Umaru Shehu, kuma ya fito ya ce ba a samu abin da ake zargi ba. Yana da shekara sama da 70 a lokacin, ba ya neman komai wurin kowa.

Sani_Fagge
Ya faɗa, amma Kano ba ta karɓa ba. Sai a Yulin 2004 gwamnatin Shekarau ta dawo da riga-kafin, bayan ta tura nata mutanen, aka kawo maganin daga Indonesiya. Ka ga girman farfesa bai wadatar ba. Kuma kada a manta wanda ya jagoranci ƙin amincewar, Dakta Datti Ahmed, shi ma likita ne. Talaka ya ga likita a nan, likita a can, wa zai bi?

Ɗan_Yerwa
Haka ne. Kuma kafin a dawo, cutar ta tsallaka ƙasashe kusan 20 da suka riga suka rabu da ita. Yara nawa suka shanye a wannan tsakanin? Sai da aka koma wa sarakuna da malamai aka zauna da su, shekara da shekaru, har da ran ma'aikatan riga-kafi da aka harbe a Kano a 2013. Yaro na ƙarshe da aka gani da shan inna na daji, wato asalin ƙwayar cutar, a ƙasar nan a Borno ne a 2016, a yankunan da rikici ya rufe. Ranar 25 ga Agusta 2020 aka tabbatar Afirka ta rabu da ƙwayar shan inna ta daji. Baba Umaru ya rayu ya ga ranar.

Duba_Gari_77
Ni tsohon duba-gari ne. Duk wannan magana ta farfesoshi, a tuna da ƙafafun da suka yi yawon. Farfesa zai tsara, amma yarinyar da ke ɗauke da akwatin ƙanƙara cikin rana ita ce ke shan zagi a ƙofar gida. Likitan al'umma nagari ana gane shi da yadda yake ɗaukar irinmu. Na yi aiki da wanda zai zauna a kan tabarma ya tambaye ni me na gani a unguwa, ya rubuta. Na kuma yi da wanda bai taɓa sauka daga mota ba, takarda kawai yake miƙo wa ta taga a cike masa. Duka biyun sunansu ɗaya a takarda.

Gaskiya_Ɗaya
Yauwa Baba duba-gari! Na biyun nan nake nufi tun ɗazu, kuma su suka fi yawa a yanzu.

Issoufou_Maradi
Salam daga Maraɗi. Mu nan Nijar sanƙarau ba labari ba ne, duk bazara muna zullumi. A Yamai akwai cibiyar bincike ta CERMES da ke karɓar ruwan ƙashin baya daga gidajen likita na ƙasa tana tantance wane iri ne ke yawo. A 2010 aka fara allurar MenAfriVac a Nijar da Mali da Burkina Faso, Najeriya ta biyo a 2011, kuma nau'in A da ya addabi kakanninmu ya kusan ɓacewa. Sai ga nau'in C ya taso mana a 2015, ku kuma ya buge Zamfara da Sakkwato a 2017. Da babu masu zama suna duba kwalabe, da an ci gaba da yin allurar da ba ta dace da ciwon ba. Na ji a 2024 Najeriya ce ta fara amfani da sabuwar allurar da ta haɗa nau'i biyar. Ciwon bai san iyakar Jibiya ba, Alhaji. Ɗiyarka in ta yi wannan aiki, har mu za mu amfana.

Malam_Tanko_Samaru
Ka tuna min, Malam Issoufou. Tushen binciken sanƙarau da yawa a Zariya aka yi shi a shekarun 1970, lokacin Brian Greenwood yana nan kafin ya koma Gambiya. Ga kuma aikin Garki a ƙasar Jigawa ta yanzu, daga 1969 zuwa 1976, inda Hukumar Lafiya ta Duniya da gwamnati suka gwada feshin gidaje da raba magani ga kowa da kowa don su ga ko za a katse zazzaɓin cizon sauro. Ya ragu sosai, amma bai katse ba, da aka daina ya dawo. Har yau masana duniya na komawa kan alƙaluman Garki. Abin da ke ba ni takaici, ɗalibanmu da yawa ba su san an yi wannan a ƙofar gidansu ba, kuma sunayen da ake tunawa yawanci na baƙi ne.

Hadiza_Bincike
Baba Tanko, dalilin yana nan har yau: kuɗi. Ina aiki a wani shirin bincike, zan faɗa wa Baban_Hauwa gaskiya don kada ya ji daɗin kawai. Yawancin kuɗin bincike daga waje yake zuwa, kuma mai kuɗi shi ke zaɓar tambaya. Shekara da shekaru kuɗin yana kan shan inna da ƙanjamau da tarin fuka. Ka rubuta neman tallafi kan ciwon ƙoda da ke cin mutanen yankin Gashuwa, ko sikila, ko hawan jini, ka ga yadda za ka sha wuya. Na taɓa yin wata takwas a ƙauyuka ina tattara bayanai, da takardar ta fito sunana yana can tsakiyar jeri, na farko da na ƙarshe waɗanda suka zo na kwana biyar ne. Ranar na yi kuka.

A nan ne nake ganin amfanin likita mai bincike ya hau kujera. Shugaban da ya taɓa shan wannan zai kafa ofishin kula da tallafi na gaske, zai tsaya a kan cewa samfurin jini ba ya fita sai da yarjejeniya, zai ba matasa kuɗin somawa. Wanda bai taɓa nema ba, takardarka za ta yi wata uku a teburinsa har wa'adi ya wuce.

Nas_Binta
A tuna da Zamfara ma a 2010. Yara sama da 400 gubar dalma ta kashe a yankunan Anka da Bukkuyum. An ɗauka zazzaɓi ne ko sanƙarau, sai da ƙungiyar likitocin agaji ta MSF ta lura da yawan sababbin kaburburan yara, aka auna jini, aka gano dutsen zinare ne da ake daka shi cikin gida. Magani kaɗai bai isa ba, sai da aka kwashe ƙasar tsakar gidaje. Da muna da masu sa ido namu a wurin, da ba a kai haka ba.

Gaskiya_Ɗaya
Kuna ta kawo annoba. Annoba ai ba kullum ba ce. Matar da mahaifa ta fashe mata yau da dare a garin su Baban_Hauwa, lissafi ba zai ɗinke ta ba. Ku amsa min wannan.

Dr_Sa'adatu_K
Ba zai ɗinke ta ba, kuma ba zan yi maka ƙarya ba. Ka tuna Ebola a Legas a 2014. Dakta Ameyo Adadevoh, likitar jinya, ita ta tsare mutumin da ya shigo da cutar ta hana shi fita, ta kamu ta rasu. Sannan masu bin sawu, da yawansu daga aikin shan inna aka ɗebo su, suka bi mutum kusan 900 kullum suna auna zafin jikinsu. Mutum 20 suka kamu, 8 suka rasu, a watan Oktoba aka ce ƙasar ta tsira. Cire ɗaya daga cikin biyun ka ga abin da zai faru a gari irin Legas.

Sannan Baba, wata gaskiyar mai ɗaci: ko ta zama likitar mata, babu tabbacin garinku za ta zauna. Tiyatar haihuwa na buƙatar mai sa barci, da bankin jini, da wuta. In babu su, za ta ƙare a babban birni ko a ƙasar waje kamar sauran. Kuma horon da mutum bai so ba, da wuya ya kai ƙarshensa.

Hajiya_Ungozoma
Wannan haka yake 'yata. Amma ni dai har yanzu zuciyata na kan matan garin. Allah ya kawo musu wata in ba ita ba.

Baban_Hauwa
Na karanta duka, wasu sau biyu, na kuma karanta wa mahaifiyarta na Hajiya Ungozoma da na Gaskiya_Ɗaya. Allah ya saka wa kowa da alheri. Jiya da dare na kira yarinyar na tambaye ta abin da Hajiya Ungozoma ta ce: me za ki bincika? Ta ce a inda take hidimar ƙasa ta fara rubuta duk macen da aka kawo da jijjiga, daga wane ƙauye, awa nawa ta yi a hanya, wa ya yanke shawarar a kawo ta. Ta ce ta cika littafi guda. Ban san tana yi ba. Na kuma faɗa mata maganar Baba duba-gari ta mai miƙo takarda ta taga, ta yi shiru, ta ce ta ga irinsu. Mahaifiyarta har yanzu ba ta sauko ba, ta ce littafi ba ya karɓar haihuwa. Maganar shugabancin jami'a kuwa na ce mata ta bar ta tukuna, da sauran tafiya.

@Dr_Sa'adatu_K don Allah, jarrabawar share fagen shiga horon, tana iya zama tun tana hidimar ƙasa ko sai ta gama?

Dr_Sa'adatu_K
Tana iyawa Baba, da yawa a lokacin suke yi. Ta turo min saƙo ta akwati in haɗa ta da wata a sashen. Ta zo da littafin nan nata, za su so su gani.

Gaskiya_Ɗaya
Allah ya ba ta sa'a, da zuciya ɗaya nake faɗa. Amma Baba, in ta tashi zaɓar ƙauyen da za ta yi binciken kundinta, ka ce mata ƙaramar hukumarku tana nan, kuma ranar kasuwa ta riƙa zama a ɗakin awo ko na awa uku ne.